Kwamfuta ɗaya, tsari biyu: yadda ake saita kanel ɗin Linux don raba na'urori

Yau maganarmu ta masu son sa Windows ko wata Linux a cikin Linux ce, ba tare da sayen sabuwar kwamfuta ba. Tsarin da ke riƙe da injin shi ne mai gida, wanda ke aiki a cikinsa kuma baƙo. To ta yaya baƙo zai samu intanet, faifai da katin hoto ba tare da ya yi wa mai gida ɓarna ba? Amsar tana cikin kanel, wato zuciyar tsarin da ke magana da na'urori kai tsaye.

Na farko, KVM. Ya shiga Linux 2.6.20 a 2007, kuma shi ke ba baƙo damar amfani da furosesa kusan da cikakken saurinta. Amma sai kun kunna VT-x na Intel ko AMD-V a BIOS. Ku duba ko akwai /dev/kvm. In babu, to baƙonku zai yi ta rarrafe kamar hawainiya.

Na biyu, virtio. Maimakon QEMU ya riƙa kwaikwayon tsohon katin intanet, wanda ke cin ƙarfin furosesa, sai baƙo da mai gida su riƙa miƙa wa juna bayanai ta layukan da suka tanada a ƙwaƙwalwa. A kanel ɗin baƙo ku kunna CONFIG_VIRTIO_PCI, CONFIG_VIRTIO_BLK da CONFIG_VIRTIO_NET. A wurin mai gida kuma CONFIG_VHOST_NET, don intanet ya ƙara gudu.

Nan fa mutane da yawa ke faɗawa rami. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan saituttukan ana iya ba shi y, wato a gina shi cikin kanel, ko m, wato modul da za a ɗauko daga baya. In kuka ba direban faifai m, kuma ba ku sa shi cikin initramfs ba, baƙo ba zai tashi ba. Me ya sa? Direban da zai buɗe faifan yana kulle cikin faifan. Makulli ne a cikin ɗakin da aka rufe. Windows ma haka: lokacin sakawa ba za ta ga faifan virtio ba sai kun ba ta direbobin virtio-win.

Na uku, raba fayil. Tun Linux 5.4 a 2019 akwai virtiofs. Baƙo na buƙatar CONFIG_VIRTIO_FS, mai gida kuma ya kunna virtiofsd. Shawarata, ku ware folda guda ku raba. Kada ku buɗe wa baƙo duka kayanku, don in ya ɗebo bairos, duk abin da hannunsa ya kai zai taɓa.

Na huɗu, ba baƙo na'ura sukutum, kamar katin hoto. Aikin VFIO ke nan, wanda ya shigo Linux 3.6 a 2012. Na'urorin PCI suna iya rubutu a ƙwaƙwalwa ba tare da sun bi ta furosesa ba, shi ya sa dole a samu mai gadi, IOMMU. Ku kunna VT-d ko AMD-Vi a BIOS, a Intel kuma sau da yawa sai an ƙara intel_iommu=on a layin tayar da kanel. Sannan ku leƙa /sys/kernel/iommu_groups. Na'urorin da ke rukuni ɗaya ba a raba su tsakanin baƙo da mai gida, tare suke tafiya. Za ku ji ana tallar facin ACS override don farfasa rukunin. Yana aiki, amma yaudarar kanel yake yi, katangar tsaron kuma ta zama ta kara. Kada ku sa shi a injin da ke ɗauke da bayanan mutane.

Wani abin lura: abin da kuka ba baƙo ta VFIO, mai gida ya rasa shi har sai an dawo masa da shi. In katin hotonku ɗaya ne tak kuka miƙa, mai gida ba zai ƙara iya nuna komai a allonku ba.

Saboda haka ku fara da virtio, ya ishi yawancin ayyuka. Kafin ku taɓa saiti, ku adana tsohon kanel a jerin GRUB don ku samu wurin komawa. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, mu kwana lafiya.