Matasanmu Tsakanin Neman Aikin Farko Da Riƙon Buri



Abin da ya tsayar da mu gabanku a yau shi ne halin da 'ya'yanmu da ƙannenmu kan shiga bayan sun kammala karatu. Kusan babu gida a garinmu da ba shi da yaro ko yarinya da ke riƙe da digiri ko difloma, an sayar da hatsi da dabbobi an biya musu kuɗin makaranta, amma har yanzu suna jiran aikin farko.

Ya kamata mu fara da sanin yadda aka zo nan. A lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, masu digiri kaɗan ne, aiki ne ke neman su. Masaƙun Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano suna ɗaukar dubban ma'aikata. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 gwamnati ta rage ɗaukar aiki, har ta kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa domin rage raɗaɗin. Daga bisani masaƙun suka riƙa durƙushewa: masaƙar KTL, wadda ta fara aiki a Kaduna a 1957, ta rufe a 2002. Jami'o'i kuwa sai ƙaruwa suke yi. Ranar 15 ga Maris, 2014, matasa suka yi cincirindo a filayen wasa domin jarrabawar shiga hukumar shige da fice, kowa ya biya Naira 1,000, aka yi turmutsutsu a Abuja da wasu garuruwa, aka rasa rayuka. Saboda haka idan yaro ya shekara biyu yana nema bai samu ba, kada mu yi saurin ce masa malalaci.

Ga matasanmu muna da shawara uku. Ta farko, ku karɓi aikin halal da ya samu ko da ya gaza burinku, domin da babu gara ba daɗi. Alhaji Abubakar Imam malamin makaranta ne a Midil ta Katsina lokacin da ya shiga gasar rubutu ta 1933 da littafinsa Ruwan Bagaja, kuma ta wannan hanya ya kai ga zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Aji bai hana shi alƙalami ba. Wanda ya karanta injiniya ya samu koyar da lissafi a makarantar kuɗi, ya riƙe, ya riƙa zuwa wuraren gini a ranakun hutu.

Ta biyu, ku sa wa burinku ranar tashi. Buri da ba a ciyar da shi yakan mutu a cikin jakar takardu. Mai son zama akawu ya ware wani abu daga albashinsa ya zauna jarrabawar ICAN ko ya bi hanyar ANAN. Malami ya yi rajista da TRCN, injiniya ya tara shekarun gogewa ya nemi rajistar COREN. Mai yi wa ƙasa hidima, wanda alawus ɗinsa ya koma Naira 77,000 a 2025, ya yi amfani da shirin koyon sana'a da hukumar ta shigo da shi a 2012, kada shekarar ta wuce shi a banza. Ku tuna cewa bankuna da manyan kamfanoni sukan ƙayyade shekarun haihuwa ga sababbin ma'aikata, don haka zaman jira yana da tsada.

Ta uku, ku guji masu sayar da takardar ɗaukar aiki. Iyaye da dama sun jinginar da gona sun miƙa kuɗi, aka ba su takardar bogi, ga asara ga kunya.

Mu kuma mazauna birane, nauyin da ke kanmu ya fi nasu. Yaron da ya taso daga gida zuwa Abuja ko Legas domin ganawar neman aiki yakan kashe kuɗin mota da na masauki fiye da abin da mahaifinsa ke samu a wata. Sau da yawa ma labarin gurbi ba ya isa ƙauye sai an rufe karɓar takardu. Muna roƙon wannan taro ya amince da abu uku kafin a tashi. Sakatariya ta buɗe rajistar duk ɗan garinmu da ya gama karatu, da fanninsa da shekararsa. Kowane reshe ya naɗa mutum guda da zai riƙa aiko da sanarwar guraben aiki cikin lokaci. Kowane mai hali a cikinmu ya ɗauki yaro ɗaya a shekara, ya saukar da shi, ya duba masa takardar neman aikinsa, ya sama masa wurin koyon aiki ko da babu albashi. Kada kuma mu manta da 'ya'yanmu mata, waɗanda rashin amintaccen masauki ke hana su amsa kira. Ba muna kira ga kowa ya karya ƙa'idar ofishinsa ba. Nuna hanya kawai muke nema, kamar yadda wani ya nuna mana lokacin da muka shigo birni da akwati ɗaya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan Allah ya kai mu taron baɗi, muna fatan sakatare zai tashi ya karanta mana sunayen waɗanda suka samu abin yi, da sunayen waɗanda suka riƙe hannunsu.

Allah ya albarkaci zuriyarmu, ya maida kowa gidansa lafiya.