Jawabi Kan Ziyarar Ruwan Wikki Da Kogwannin Yankari

Shugaba, iyayenmu, malamai, 'yan'uwa maza da mata mazauna Doma, barkanmu da wannan zama.

Kun wakilta mu mu je mu gano ko Yankari ta cancanci a taɓa kuɗin asusu a kai yaranmu. To, mun je mun dawo lafiya, ga abin da muka gani.

Hanya dai doguwa ce: Lafiya, Akwanga, Jos, Bauci, sannan ƙasar Alkaleri. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. Ruwan Wikki yana ɓuɓɓugowa ne daga ƙarƙashin wani dutse, garai-garai, kana hangen yashin ƙasa. Ɗuminsa digiri 31 ne, rani da damina, dare da rana, ya gangara ya faɗa kogin Gaji.

Wasu sun ce mana ai wutar dutse ce a ƙasa, wasu suka ce aikin aljannu ne. Jama'a, ruwan sama ne yake tsiyaya can cikin ƙasa, inda zafi ke ƙaruwa gwargwadon zurfi, ya ɗumama, ya sake fitowa ta tsagar dutse. Ikon Allah ke nan. Haka ruwan zafin Akiri yake, nan ƙasar Awe cikin jiharmu.

Mun kuma leƙa kogwannin Marshall, ɗakuna 59 da mutanen da suka fafe a jikin dutse. Yaron da ya shiga ɗaya daga ciki, tarihi ya zauna masa fiye da na allo.

Shawararmu ita ce a je, amma da sharaɗi. A tafi da rani, lokacin da namun daji ke taruwa bakin ruwa. Bakin dutsen yana da zurfi, don haka yaron da bai iya iyo ba kada ya rabu da babba. 'Yan mata su tafi da iyaye mata. A ɓoye guzuri, don biran wurin ba su da kunya ko kaɗan. Dattawanmu masu ciwon gwiwa kuwa, ɗumin zai yi muku daɗi, amma kada wanda ya ajiye maganin asibiti saboda shi.

Wanda kuɗin Yankari ya fi ƙarfinsa, sai mu haɗa mota ɗaya zuwa Akiri, kada a bar ɗan kowa a gida. Hukunci yana hannunku.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.