Murya A Fagge, Dandali A Sabon Gari



Yau kan R&B zan yi magana, waƙar nan mai sanyi da ta samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka. Kun san Di'Ja, wato Hadiza Blell, mahaifiyarta 'yar Arewa, mahaifinta ɗan Saliyo. Da yawa sun ɗauka da Dorobucci ta fara a 2014. Ina! Tun 2008 ta fitar da Rock Steady tana Kanada. Shekara shida ke nan kafin Don Jazzy ya ɗauke ta a Mavin.

To, yaronmu na Kano a ina zai yi nasa shekara shidan?

Akwai ƙanen abokina a nan Fagge, wallahi in ya ja murya sai tsikar jikinka ta tashi. Amma duk waƙarsa a situdiyo take. In an gayyace shi biki, DJ ya kunna, shi kuma motsa baki kawai yake. Da ya nemi inda zai rera da makaɗa a gaban jama'a, sai wani otal a Sabon Gari ya samu. Dare biyu ya yi, labari ya kai gida. Baba ya ce ko waƙa ko gidansa.

Ni ban ga laifin Baba ba, kowa ya san abin da ake sha a wurin. Tambayata ga masu ɗakunan taro na Fagge ce: me zai hana ku ba yaran nan yammacin Asabar ɗaya a wata, ba giya, iyaye na zaune?