Lacca: Dariya ma haja ce, to wa ke cin ribarta?

Batun yau shi ne wasan barkwanci na talabijin irin na Amurka, wanda suke kira sitkom: wasa ne na rabin awa, mutanensa ba su sakewa, gidansu ko wurin aikinsu ba ya sakewa, rigimar da suke faɗawa ciki ce kawai ke sakewa kowane mako. Mai kallo yana ganin ɗan wasa ya jefo magana an fashe da dariya, sai ya zaci daga kansa ta fito. A teyatur irin wanda su Yazi Dogo suka yi suna da shi a Nijar haka abin yake, ana shirya ƙashin labari, kowane ɗan wasa ya sa masa nama da bakinsa. A can kuwa kusan kowace kalma rubutacciya ce, kuma wani ne ya rubuta ta don a biya shi.

Ga yadda aikin yake. Cikin rabin awar nan, kimanin minti 22 ne na wasa, sauran na talla ne, wato na masu biyan kuɗin. Marubuta goma ko fiye sukan zauna ɗaki guda ƙarƙashin wani babba. Tare suke tsara labarin, babba ɗaya da ƙarami ɗaya ko biyu da za su haɗu a ƙarshe, sannan a ba mutum guda ya je ya rubuto. In ya kawo, ɗakin ya bi shi layi layi. Farkon mako ƴan wasa su zauna su karanta a bainar shugabannin kamfani, marubuta na gefe suna sa alama inda aka yi dariya da inda aka yi tsit. Duk maganar da ta faɗi ƙasa, a daren nan za a sake ta. Ranar ɗauka ana yi gaban ƴan kallo na gaske, in wata magana ba ta ci ba, nan take a ba ɗan wasa sabuwa. Marubucin da ba ya jure a yar da abin da ya kwana yana rubutawa, ba ya daɗewa a sana'ar.

To, ina ribar take? Ɗan kasuwa ya san haja in an sayar ta tafi. Wannan haja kuwa ana sayar da ita, gobe a sake sayarwa. Waɗanda suka fara cin gajiyar haka sosai su ne Desi Arnaz da matarsa Lucille Ball, masu wasan I Love Lucy da aka fara a 1951. Gidan talabijin na CBS ya so a yi wasan kai tsaye daga Niyok, su kuma suka nace a ɗauke shi a fim a Holiwud. Da aka ce tsada ta yi yawa, sai suka yarda a rage musu albashi, da sharaɗin fim ɗin ya zama nasu. An ɗauka sun yi wauta. Ashe wasan da aka yi kai tsaye yana wucewa da darensa, wanda ke cikin gwangwani kuwa ana ta maimaita shi shekara da shekaru.

Daga nan lissafin ya kafu: wasan da ya kai kashi 100 ko kusa, ana iya sayar da shi ga ƙananan tashoshi su riƙa nunawa kullum. Seinfeld, da aka yi daga 1989 zuwa 1998, kashi 180 ne, kuma a 2019 an ba da labarin kamfanin Netflix ya sayi izinin nuna shi a kan fiye da dala miliyan 500. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar sefa biyar ba! Manyan ƴan wasan Friends su shida sun kai ga karɓar dala miliyan ɗaya kowannensu a kan kashi guda.

Marubuci fa? A Amurka rubutun ba nasa ba ne, na kamfanin da ya ɗauke shi aiki ne. Abin da ke hannunsa shi ne ladan maimaici, kuɗin da ake ba shi duk lokacin da aka sake nuna abin da ya rubuta, kuma ba kyauta aka ba shi ba, ƙungiyarsu ce ta ƙwato. Ma'aikata da ke nan sun san ma'anar wannan. A 1988 marubutan sun yi yajin aiki na kwana 153, galibi a kan wannan lada. Daga ƙarshen 2007 zuwa farkon 2008 sun yi na kwana 100, a kan rabonsu cikin abin da ake nunawa ta intanet.

Intanet ɗin ce ta rushe tsohon lissafi. Da, shekarar wasa kashi 22 ce ko fiye, aikin da ke ciyar da gida kusan shekara. Kamfanonin intanet suka koma kashi 8 ko 10, suka rage mutanen ɗaki, kuma da yake a lokacin ba su faɗin yawan masu kallo, wasa ya karɓu ko ya faɗi ladan marubuci ɗaya ne. Wannan kuwa ba ciniki ba ne, mai saye ya ɓoye mudu. Saboda haka ranar 2 ga Mayu 2023 marubuta kimanin 11,500 suka ajiye alƙalami har kwana 148. Sun samu a ƙayyade mafi ƙarancin marubutan da za a ɗauka a wasa, da ƙarin lada in kashi 20 cikin 100 na masu rajistar kamfani a Amurka suka kalli wasan cikin kwana 90 na farko, da kuma sharaɗin cewa na'ura mai ƙago rubutu ba za a lissafa ta marubuciya ba, ba kuma za a tilasta wa kowa aiki da ita ba. Wa'adin da aka sa wa yarjejeniyar shi ne 1 ga Mayu 2026.