Karen da ke Mana Aiki: Lacca kan Haukan Kare da Cututtukan Karnuka da Kyanwowi a Karaye da Rogo

 

Kare ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Shi ke shiga gaba in an fita farauta da rani, shi ke kwana yana gadin ruga, shi ke tsaron gonar rake da lambunan bakin madatsar Challawa. Shari'a ma ta halatta ajiye shi domin farauta da tsaron dabbobi da gona. Amma mu tambayi kanmu: mutum nawa a zauren nan ya taɓa kai karensa wurin likitan dabbobi?

Ƙananan cututtukan kun san su. Kaska da ƙuma suna shan jini har kare ya rame. Ƙazuwa tana zubar masa da gashi. Tsutsar ciki da gudawar jini suna kashe 'yan kwikwiyo. Kyanwa kuma, wadda ke kwana a shimfiɗar yara, tana iya shafa musu makero. Duk waɗannan suna da magani ko rigakafi.

Wadda ta kawo ni ita ce haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawu. Idan ta shiga ta wurin cizo ko yaƙushi, sai ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa, galibi cikin wata biyu zuwa uku. Wannan jinkirin shi ke yaudararmu: miki ya warke, kowa ya manta, sai wata rana yaro ya kasa haɗiyar ruwa, yana firgita da ganinsa, a ce ai iskokai ne. A wannan matakin kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 59,000 ke mutuwa duk shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin da ke ci mini rai shi ne, tun 1885 Louis Pasteur ya ceci yaro a Faransa da allurar wannan cuta.

Iyaye mata, ku riƙe wannan. Da zarar kare ko kyanwa ta ciji yaro, kafin a nemi kowa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15. Kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a barbaɗa toka ko gashin karen. Daga nan sai asibiti a ranar domin allura, ko da mikin bai kai ƙwayar gero ba. Ba kowane mahaukacin kare ke yin haushi da dalalar da yawu ba. Wani lafewa kawai yake yi kamar mai gajiya.

Kuma a daina saurin kashe karen gida da ya yi cizo a jefar a kwazazzabo. A ɗaure shi kwana goma ana lura da shi, a sanar da ma'aikacin dabbobi, amma kada a dakatar da allurar mutum ana jira.

Sarakunan baka, yanzu magana ta zo kanku. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar tana katsewa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa wannan allura a ƙasarmu. Rogo tana iyaka da Kaduna da Katsina, karnukan farauta kuwa ba su san iyaka ba. Ina roƙonku, kafin a buga gangar farautar bana, ku tara karnukanku a ƙofar mai unguwa, mu kuma mu zo da allura.