IDAN ALƘALAMI YA GAJI A TSAKIYAR LITTAFI

(Jawabin da wani ɗan ƙungiyarmu ya gabatar a taronmu na shekara-shekara)



Kwamitin shirya taro ya nemi in ɗan yi tsokaci a kan abin da ke sa mai rubuta ƙagaggen labari ya yi sanyi a tsakiyar aiki, da yadda zai farfaɗo. Na amsa ne don na san a cikin zauren nan akwai waɗanda tun muna aji uku suke cika littafin rubutu da labari. Yau ga furfura ta soma fitowa, labarin kuwa yana ƙasan akwati, gara na jiran rabonta.

Jama'a, gajiyar marubuci iri uku ce, kowace da maganinta.

Ta farko gajiyar jiki ce. Mutum ya wuni a ofis ko kasuwa, ya dawo ga cefane da kuɗin makaranta, sannan ya ce sai ya cika shafi goma kafin ya kwanta. Kwana nawa zai jure? Ku tuna da marigayi Abubakar Imam. A 1936 sai da aka ɗauke shi daga koyarwa a Katsina, aka kai shi Zariya ya yi kamar wata shida ba shi da aiki sai rubutu, sannan Magana Jari Ce ta samu. Mu da ba wanda zai ɗauke mana aiki, sai mu rage wa kanmu kaya. Graham Greene, marubucin Ingila, ya daɗe yana tsayawa a kalma 500 a rana. Shafi ɗaya kullum da safe, a shekara ka tara shafi 365. Sannu ba ta hana zuwa.

Ta biyu gajiyar labarin kansa ce, kuma ita ta fi kashe littafi. Farkon labari daɗi gare shi, ƙarshensa ma yakan kasance a zuci tun da wuri. Tsakiya ce ramin. Sau da yawa in alƙalami ya cije, labarin ne ya saki hanya a baya. Koma ka karanta babi uku na ƙarshe, ka tambayi kanka: me jarumin nan yake nema, wa ya tare masa hanya, me zai rasa in bai samu ba? In ka kasa amsawa, to a nan ciwon yake. Wataƙila ka sa shi ya aikata abin da ba halinsa ba ne, don kawai ka kai inda kake so. Ka cire wannan babin, ko da ka sha wuya a kansa. Akwai kuma dabarar Ernest Hemingway na Amurka, wanda yakan ajiye rubutu tun yana sane da abin da zai biyo baya, don gobe ya tarar da bakin zare a hannu.

Ta uku gajiyar zuci ce, wato ranar da za ka ce, wa ma zai karanta wannan? Kaɗaici ke jawo ta. Ku duba tarihinmu. Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar duk gasar da aka shirya a 1933 ce ta fito da su, don an ba marubutan wa'adi, kuma sun san akwai mai jiransu. Marubutan Kano irin su Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, da ba su sami kamfanin da zai buga musu ba, sai suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama suna tallafa wa juna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka sami mutum ɗaya mai faɗa maka gaskiya, ka yi masa alkawarin babi duk ƙarshen wata.

Hutu kuma ba abin kunya ba ne. Chinua Achebe ya fitar da A Man of the People a 1966, bai sake fitar da dogon labari ba sai Anthills of the Savannah a 1987, shekara 21 ke nan, da yaƙin basasa a tsakani. Amma a cikin shekarun ya yi waƙoƙi da gajerun labarai. Gona ma akan bar ta ta huta, sai dai manomi ba ya jefar da fartanya. Kai ma in ka huta, ka yi karatu, ka zauna a majalisa ka saurari yadda mutane ke magana.

A ƙarshe ina da roƙo ga shugabannin ƙungiya. A ware mana shafi biyu a wannan mujalla don babin wanda ya maƙale. Malamanmu na Hausa da suka yi ritaya kuma, ranku ya daɗe, jan biron nan da kuka saba yi mana gyara da shi, har yanzu muna bukatarsa. Duk mai littafi a akwati ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.