Jawabin Magatakardan Ƙungiya a Taron Cika Shekara: Bidiyon Fuskar Waya a Matsayin Shaida

Shugaba, iyayenmu dattawa, Magajiya da iyayenmu mata, 'yan'uwa fatake da suka taso daga Salaga, Yendi da Bawku, sannunku da hanya. An ba ni 'yan mintoci, kuma zan kashe su a kan abin da ya fi kawo ƙara teburina, wato rigimar "na tura" da "ban gani ba".

A zamanin da ayarin Kano ke zuwa Salaga sayen goro, ciniki ba ya ƙulluwa sai a gaban mai gida. Shi ne masauki, shi ne dillali, shi ne shaida. Yau mai doya yana Salaga, mai albasa yana Bawku, mai saye yana Cinkasse ko ya tsallaka Tatale ya shiga Togo, kuɗin kuma suna tafiya ta MoMo. Babu mai gida a tsakani. Waya ce kawai ta ga abin da ya faru.

Yawancinmu hoton fuskar waya muka saba turawa. To, hoton nan ya daina zama hujja. Yaro mai wayo zai canja lamba a jikinsa, ya mai da sidi 500 ya koma 5,000 kafin ka gama shan shayi. Saƙon kuɗi ma ana ƙirƙirarsa. Na gaskiya na MTN yana shigowa da sunan MobileMoney, na ƙarya kuwa daga lambar mutum yake zuwa, amma wanda ke tsakiyar lodi, kwandasta na yi masa ihu, ina ya ga lokacin dubawa?

Shi ya sa nake roƙon mu koyi ɗaukar bidiyon fuskar waya. Hoto yana nuna wuri ɗaya ne tak. Bidiyo yana nuna hanyar da ka bi har ka isa wurin: ka buɗe akwatin saƙo, ga sunan wanda ya aiko, ga rana da lokaci, ga lambar cinikin da kamfani ya bayar. Wannan lambar ita ce uwa uba, domin da ita ake bin sawun kuɗi a ofishin kamfani.

Yin sa ba wuya. A Tecno, Infinix, Samsung da sauran wayoyin Android, ka ja yatsa daga saman fuska zuwa ƙasa sau biyu, ka nemi alamar da aka rubuta Screen record. Tun daga Android 11 abin yana cikin wayar, ba sai ka sauko da wata manhaja ba, kuma ni ban ba da shawarar saukowa da ita ba, don wasunsu talla ce zalla da leƙen asiri. Ka taɓa, ta ƙirga uku, jan ɗigo ya fito, ta fara. Mai iPhone ya ƙara Screen Recording a Control Centre. In ka kunna makirfo, sai ka yi magana da bakinka: yau ranar kaza, na biya Alhaji wane kuɗin buhu kaza. Iyayenmu da ba su yi boko ba, wannan ya fi muku rasit.

Yanzu ga inda nake so kowa ya buɗe kunne. Kada ka taɓa barin bidiyo yana tafiya lokacin da kake buga lambar sirrinka. In ka danna *170#, akwatin da ke tambayar lambar sirri yana iya nuna lambobin ƙuru-ƙuru, kuma ko bai nuna ba, ana ganin maɓallin da yatsa ya taɓa. Ka tura wannan bidiyo a zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu, ka miƙa musu makullin shagonka ke nan. Ka gama biya tukuna, saƙo ya shigo, sannan ka kunna ɗauka. Haka lambar nan ta wucin gadi da banki ke aikowa, kada ta fito. Wanda ya kira ka ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ka ɗauki bidiyon wayarka ka aiko masa zai gyara maka asusu, ɓarawo ne, kashe wayar. In kuma kana ɗauka ka ga fuskar ta yi baƙi ƙirin a manhajar banki, ba lalacewa ta yi ba, bankin ne ya toshe da gangan.

Ku kuma rufe shigowar saƙonni kafin ku fara. Ba ma so kwamitin sulhu yana kallon shaidar kuɗin shanu, sai ga saƙon Hajiya ya faɗo tana tambayar kuɗin cefane.

Masu tsallaka iyaka, ku ne kuka fi buƙatar wannan. Farashin canjin sidi da sefa ana yanke shi ne da saƙon murya da safe, kafin yamma ya motsa, sai wanda abin bai yi wa daɗi ba ya goge saƙonsa daga wayoyin duka biyu. Da zarar kun daidaita, ka kunna ɗauka tare da sautin waya, ka nuna lambar mutumin a sama, ka saurari muryar tun daga farko har ƙarshe. Kuma ka gaya masa ka ɗauka. Ba tarko muke ɗana wa juna ba, kuma sirrin ɗan'uwanka ba abin yaɗawa ba ne a Facebook. Shaidar ta kwamitin sulhu ce, in ta ƙi, ta hukuma. Dokar Ghana ta harkokin lantarki ta 2008, Act 772, ta yarda da bayanan na'ura a matsayin shaida. In za ku aiko mini, ku turo shi a matsayin Document, don WhatsApp yana matse bidiyo har lambobi su dushe.

Mai karɓar kuɗi kuwa, kada bidiyon kowa ya sa ka saki kaya. Akwai manhajojin bogi masu kama da na gaske. Bidiyo na ranar gardama ne. Kafin mota ta tashi, ka duba asusunka da hannunka, ka ga kuɗin sun zauna. In an damfare ka, ka kira kamfanin wayarka nan take, MTN a lamba 100, sannan ka sanar da hukumar tsaron intanet ta ƙasa a 292, ka zo ofis mu rubuta.

Bayan an ci abinci ina nan a teburin bakin ƙofa. Duk wanda bai ga alamar a wayarsa ba ya kawo, mu nemo ta tare. Magajiya, iyayenmu mata za mu fara da su, don motar Bawku ce za ta riga tashi. Allah ya mai da kowa gida lafiya.